Safara'u Mai Tsinke da Abincin Ɗan Fari

"To fasa wanga ma, tunda ke ba ki jin kunyar hurar mutane!"

"Shi ko zan fasa, Rabi. Miƙo ƙwaryar."

"Tun da assalatu nike daka, hannuna har ya yi kanta, ki zo ki wargaza mani shi kamar kaza a juji."

"Sannu da aiki, Allah shi biya. To amma gaya mani, shi wanga dawon mi ya sa ya fi 'yan'uwanshi ƙiba? Shi kaɗai ya ci geron?"

Masu wannan magana su ne Rabi, wata mata da ta kawo wa mijinta fura a gidan yari, da Hajiya Safara'u Manu, gandirobar da ke binciken kayan masu ziyara a bakin ƙofa. Hajiya ta soka siririn tsinkenta na ƙarfe a cikin dawon, tsinken ya tsaya cak, ta ɓara shi biyu, sai ga ƙullin leda cike da ƙwayoyi. Waɗanda suka halarci wurin sun ce ba ta ɗaga murya ba, sai juya ƙullin take yi tana duba yadda aka ɗaure shi, kamar mai duba aikin kitso.

Haka ta shafe kusan shekara ashirin tana tsare ƙofa. Duk da haka akwai abinci guda da ta yi kusan shekara tana kau da kai daga gare shi, wato abincin ɗanta na fari, kuma ta wannan kafa ce mutuwa ta so ta shiga ta ɗauke shi. Yaya aka yi mace mai irin wannan ido ta bar kafa a buɗe? Amsar tana cikin tarihinta, in aka ɗauko shi daga tushe.

Haihuwa da asali

An haifi Safara'u a shekarar 1969, a wani ƙauye na yankin Kusa da ke ƙasar Jibiya, cikin Jihar Katsina ta yanzu. Mahaifinta shi ne Malam Manu, falke mai kai hatsi Maraɗi, da farko a kan jakuna, daga baya a manyan motoci. Mahaifiyarta kuwa ita ce Hasiya, wadda daga bisani kowa ya koma kira Inna, mai sana'ar fura. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, iyalin suka taso daga ƙauye suka zauna a cikin garin Jibiya, kusa da kasuwar hatsi.

Tun tana ƙarama aka san ta da son ganin cikin abu. Ba ɓarna ce da ita ba, tambaya ce ta yi mata yawa. An ruwaito cewa ta taɓa kwance rediyon mahaifinta domin ta ga mutanen da ke magana a ciki, ta kuma taɓa farke layar da aka rataya wa ƙaninta, abin da ya jawo mata dukan da ba ta manta da shi ba har girmanta. A gefen turmin mahaifiyarta ta koyi mulmula dawo, har hannunta ya saba da yadda kowane ƙwallo ya kamata ya kasance. Babu wanda ya zaci wannan sabo zai zama makamin aiki.

Karatu

Ta fara da makarantar allo a unguwarsu, sannan aka sanya ta firamare a shekarar 1976. A 1982 ta wuce makarantar kwana ta 'yan mata a birnin Katsina, inda ta kammala a 1987. A ajin ƙarshe aka ba ta shugabancin ɗakin kwana, wanda a cikin aikinsa har da duba akwatunan ɗalibai ranar dawowa daga hutu. Abokan karatunta sun tabbatar da cewa babu garin kwaki ko ƙuli-ƙulin da ya taɓa ɓoye mata, ko a cikin matashi aka ɗinke shi. Sai dai sun ƙara da cewa abin da ya fi damunta ba kamun ba ne, ita dai a gaya mata wa ya ƙirƙiro dabarar, kuma yaya aka yi ta zo masa a rai.

Aure da haihuwar ɗan fari

A shekarar 1988 aka ɗaura aurenta da Abdu, direban babbar mota mai jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Aure ne na soyayya tsantsa, irin wanda har yau tsofaffin unguwar ke ambata da murmushi. Alhaji Abdu da bakinsa yake ba da labarin cewa ranar da ya fara zuwa zance, ya shirya kalamai masu daɗi tun daga hanya, amma kafin ya buɗe baki yarinyar ta tambaye shi ko a ina direbobi ke ɓoye kaya in za su wuce duwan, wato kwastan na Nijar. Ya ce dariya ta kama shi har ya manta kalaman, kuma a nan take ya san ba shi da wata matar sai ita.

A 1990 Allah ya azurta su da ɗa namiji, aka raɗa masa suna Mujahid. Gidan Malam Manu gida ne da ya riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi, fiye ma da yadda maƙwabta suka riƙe ta. Da aka yaye yaron, Inna Hasiya ta ɗauke shi, ya tashi a ɗakinta. Safara'u ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta zama a inda ake zancensa. In dole ta kama sai ta ce "yaron Inna". Shi kuma ya buɗe baki ya ji ƙannenta suna ce mata Yaya, sai ya bi su.

Kada mai karatu ya ɗauka rashin so ne. Wallahi ba haka ba ne. Kowace sallah takan sayi yadi mai tsada ta kai wa mahaifiyarta, ta ce wani ne ya bayar a ɗinka wa yaron. Ranar da ƙyanda ta kwantar da shi, ta yini a bayan ɗakin Inna tana wanke kwanukan da an riga an wanke, kunnenta yana kan numfashinsa, amma ba ta leƙa ba. Bayansa ta haifi wasu 'ya'ya huɗu, ta goya su, ta kira sunayensu yadda take so. Shi kaɗai ne ta so daga nesa.

Shiga aikin gandiroba

A shekarar 1992 aka buɗe ɗaukar mata aikin gidan yari, ta nema da yardar mijinta, ta samu. Bayan horo a Kaduna, ta yi hidima a gidajen yari daban-daban na jihar, har zuwa 2006 da aka dawo da ita wani ƙaramin gida da ke yankin kan iyaka, kusa da mahaifarta. A nan aka ba ta teburin ƙofa, kuma a nan ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

Aikin teburin shi ne tabbatar da cewa babu abin da doka ta hana da ya shiga ciki: ƙwaya, wiwi, reza, waya ko layinta. Aiki ne mai wuya a ko'ina, amma a bakin iyaka wuyarsa ta ninka, domin gari ne da yaro ke tasowa yana ganin yadda ake wucewa da kaya ta gaban ma'aikata, kuma duk dabarar da aka gwada a kan hanyar Maraɗi sai ta biyo ziyara wata rana. Hajiya Safara'u ta ga rake da aka rarake cikinsa aka toshe da ɓawonsa. Ta ga sabulun da aka tsaga aka manne da ruwan zafi. Ta taɓa zare layin waya daga cikin kitson wata amarya, tana zarewa tana yaba hannun makitsiyar. Ta kwance goyo ba sau ɗaya ba, domin ta lura cewa tsakanin bayan uwa da cikin jariri wuri ne da kowa ke jin nauyin taɓawa.

Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai tsinken ƙarfe da wani maƙeri ya ƙera mata, wanda daga gare shi ta samu laƙabin Mai Tsinke, akwai kuma mara ta kwasar tuwo. Ita marar tana da nata dalili. Hajiya ta yi imani cewa abincin da mace ta tashi ta dafa wa nata bai kamata ya isa hannunsa a wulaƙance ba. Saboda haka takan wanke hannu, ta yi bisimilla, ta yanka malmala gida huɗu ta duba, sannan ta ɗauki marar ta sake mulmule ta sumul kamar ba a taɓa ba. Layi kan yi tsawo saboda wannan, abokan aiki su yi ta ƙorafi, ita ko a jikinta.

Babban abin da ake tunawa da ita a kai ya faru a wajen 2015, lokacin da maganin tari mai kodin ya yi yawa a hannun matasa. Iyalai sun saba kawo rubutun sha a gora daga wurin malamai, domin neman sassauci a shari'ar ɗan'uwansu, kuma babu gandiroban da zai iya mayar da rubutu, balle ya zubar da shi a ƙasa. Hajiya ta lura cewa wasu fursunoni, da zarar an kawo musu gorar, sai su yini suna gyangyaɗi. Ta je ta sami limamin gidan ta ce, "Allah gafarta Malam, wace aya ce ke sa mutum barci a tsaye cikin sahu?" Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, sannan ya gane inda ta dosa. Suka daidaita cewa a riƙa kawo allon a bushe, a wanke a ciki da ruwan randa. Ba a jima ba ta sake dawowa da tambaya, cewa in aka jiƙa abin a cikin tawadar fa? Daga nan aka koma mai buƙata ya faɗi abin da yake so, liman ya rubuta masa da tawadarsa a cikin gidan. Ba a hana kowa rubutu ba, gorar kuma ta daina shigowa.

Ta sauke farali a 2017, ta dawo ta ci gaba da zama a teburinta.

Ɗaurin Mujahid

Shi kuwa Mujahid, bayan ya gama sakandare ya shiga sana'ar da ta ɗauke samarin garin da yawa, wato dakon jarkokin mai a babur ta hanyoyin daji zuwa ƙetaren iyaka. Tafiya ce mai karya jiki, kuma a cikin 'yan sana'ar akwai masu haɗiyar tiramol domin kada su ji gajiya. Ya fara da ɗaya, ya koma biyu, har ya kai ba ya iya tashi sai da ita. Da aka rufe iyaka a 2019 hanyoyin suka ƙara nisa, ƙwayar ta ƙara yawa. Labari ya zo wa mahaifiyarsa, ta aika a gaya wa Inna ta yi wa yaronta faɗa. Inna ta yi, irin faɗan kaka, wanda ke ƙarewa da tambayar ko ya ci abinci.

A shekarar 2021, yana cikin maye, ya banke wani dattijo mai awon hatsi a bakin kasuwa, dattijon ya cika kafin a kai shi asibiti. Kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyar, aka kawo shi gidan da mahaifiyarsa ke tsaron ƙofarsa. Shugaban gidan, baƙo ne a yankin, ya ji ƙishin-ƙishin, ya kira ta ofis ya tambaye ta ko gaskiya ne ɗanta ne, domin in haka ne a mayar da shi wani wuri. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaron Innarmu ne, ranka shi daɗe." Shugaban ya ɗauka ƙaninta ne ko ɗan riƙo, ya bar maganar.

Inna Hasiya, wadda a lokacin ta haura saba'in, ita ke kawo masa abinci a ranakun ziyara, a cikin kula, mazubin nan mai riƙe zafi. Da yake ƙafarta ta yi rauni, wani abokin sana'arsa mai suna Shamsu ne ke ɗauko ta a babur, yana ɗora mazubin a kan tanki, har mutane suna yaba masa riƙon zumunci. Duk lokacin da Hajiya ta hango su tafe, sai ta ajiye tsinke, ta ɗauki buta ta zagaya baya, ba ta dawowa sai sun wuce.

Bazarar 2022

A bazarar 2022 ƙwaya ta yawaita a cikin gidan ba tare da an san hanyarta ba. Aka tsananta bincike, aka tone ɗakuna, aka sauya masu gadi, aka fara zargin juna. Hajiya ta rame, domin a karo na farko a rayuwarta ga dabara a gabanta ta kasa gano ta. Wata ranar Talata da hantsi fursunoni uku suka faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Ɗaya bai tashi ba. A cikin biyun da aka ceto akwai Mujahid, kuma likita ya ce in ya sake yin irin wannan faɗuwar, da wuya ya tashi.

Da yammacin ranar, Muhsina, ƙaramar gandirobar da ke taya ta a tebur, ta matso kusa da ita.

"Mama, in faɗi wata magana?"

"Faɗi."

"Akwai kaya guda da ba a buɗewa."

"Na wa?"

"Na yaron Inna."

Hajiya ta juyo. "Wa ya ce kar a buɗe?"

"Ba wanda ya ce. Mun ga da sun taho kina tashi, muka ɗauka ba ki son a taɓa. Mu kuma ina mu ina soka tsinke cikin tuwon ɗanki, ga tsohuwa zamne tana kallonmu?"

"Innalillahi! Ni da nike tashi don ku caje ba da idona ba!"

Ashe haka abin yake. Ita ta tashi saboda kunyar ɗan fari, su kuma sun janye hannu saboda kunyarta, kowa yana ganin ya yi ladabi, kafar kuma tana nan a buɗe kusan shekara guda.

Ranar ziyara ta gaba Inna ta zo da kunu domin majinyacin. A wannan karon butar tana gefe, Hajiya ba ta ko kalle ta ba.

"Inna, ajiye nan."

"Ke Safara'u, lahiya? Kunun yaron ne."

"Shi nike so."

"Yau kuma ke za ki taɓa kayanshi, gaban mutane? Ina kunyar taki?"

"Inna, kunyar ce ta kwantar da shi."

Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta juye kunun a kwano, ta motsa shi da tsinke. Babu komai. Ta leƙa cikin mazubin, nan ma babu. Sai ta kife shi, ta tsura wa gindinsa ido, ta ga kan kusar da ke riƙe da shi ya goge yana sheƙi, alamar ana yawan kwance shi. Ta sa bakin wuƙa ta murɗa. Gindin ya fita, fallayen ƙwaya suka zubo a kan tebur. Kafin kowa ya ɗago kai, sai ƙarar babur: Shamsu ya tayar ya nufi hanyar iyaka. Tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana kallon tafin hannunta tana cewa, "Da hannuna? Ni da hannuna nike kawo mishi?" Bincike ya nuna daga baya cewa a hannun Shamsu mazubin ke kwana, shi ne ke cusa ƙwayar kafin ya je ɗauko ta, Mujahid ya cire rabonsa, sauran ya miƙa wa wani dillali a ciki.

Hajiya ta nemi izini ta shiga ɗakin jinya na ɓangaren maza, inda ba ta taɓa taka ƙafa ba tun zuwansa. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Ta tsaya a kansa, waɗanda ke wurin sun ce leɓɓanta sun daɗe suna motsi kafin sauti ya fito.

"Mujahid."

Ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman mai kiran, domin bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba.

"Yaya, ke ce?"

"Ni ce. Ni na haife ka. Tashi ka sha kunun ga, na duba shi."

Ya sha yana kuka, ita tana riƙe da kwanon. Shekara talatin da biyu ke nan da haihuwarsa.

Shekarun ƙarshe

Hukuma ta yi zama a kan lamarin, aka rage wa Hajiya Safara'u muƙami ɗaya, ta karɓa ba tare da jayayya ba. Shugaban gidan ya maimaita mata tambayarsa ta farko, ta ɗago kai ta ce, "Ɗana ne, na fari." Ta roƙi a bar shi a inda idonta yake, aka amince bisa sharaɗin cewa wani ma'aikaci zai riƙa tsayawa tare da ita duk lokacin da aka kawo masa kaya. Daga nan babu abincin da ke shan tsinke a gidan kamar nasa. Yakan aiko da saƙon tsokana cewa a gaya wa Yaya tuwon ya iso, amma ya fi kama da rariya.

Rabuwa da ƙwayar ta ba shi wuya ƙwarai. Ya yi makonni yana rawar sanyi cikin zafin rana, ga amai, ga rashin barci, yana roƙo yana zagi. Sannu a hankali jikinsa ya dawo, ya shiga ajin ɗinki, har ya ɗinka wa Inna zane da riga. Sai dai bai taɓa ɓoye wa mahaifiyarsa gaskiya ba. Wata rana ya ce mata, "Yaya, har yau in na ji ƙarar babur daga waje, yawuna tsinkewa shike yi." Wannan magana ta zauna mata a rai. Muhsina ta ce sau da yawa, in layi ya watse, Hajiya kan riƙe tsinke ta ce, "Yanzu ni ce ƙofarshi. Ranar da ba ni nan fa?"

Rasuwa, jana'iza da zuri'a

A watan Satumba na 2024, lokacin da gero ya nuna, hawan jinin da ta daɗe tana fama da shi ya kayar da ita a tsakar gida tana shirin fita aiki. Aka garzaya da ita asibiti a Katsina, inda Allah ya karɓi ranta da safiyar Alhamis, tana da shekara hamsin da biyar. Aka dawo da ita Jibiya, aka sallace ta bayan la'asar a ƙofar gidan Alhaji Abdu, aka kai ta makwancinta a maƙabartar garin. Jama'ar da ta taru ta ba da mamaki, domin har da waɗanda ta taɓa kama kayansu, da tsofaffin fursunonin da suka ci tuwon da ta sake mulmulawa.

Ta rasu ta bar mahaifiyarta, da mijinta, da 'ya'ya biyar: Mujahid, Mutmainna, ma'aikaciyar jinya, Zunnuraini, mai sana'ar hatsi kamar kakansa, Salmatu, malamar firamare, da auta Fatimatu, wadda ke karatu. Ta kuma bar jikoki. Allah ya jiƙanta, ya yalwata kabarinta, ya sa aljanna ce makomarta.

Ba kasafai ake barin ɗaurarre ya halarci jana'iza ba, amma saboda hidimar marigayiyar aka fito da Mujahid tare da gandirobobi biyu. Shi ya shiga kabarin ya karɓe ta. Da aka gama aka jeru ana gaisuwa, tsofaffin abokan dakonsa suka zo ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikinsu ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya raɗa masa cewa, "Ga na rage zafi, yau ba ranar wahala ba ce," ya bar masa ɗan ƙulli a tafin hannu. Mujahid bai jefar ba. Ya zura shi a aljihu, kuma duk tsawon hanyar komawa hannunsa yana kai, yana jin taurin ƙwayoyin ta cikin leda.

Suka iso ƙofa gab da magariba. Teburin yana nan, tsinke da mara suna ajiye a kai, Muhsina tana tsaye a gefe idonta jajir. Sajan Ahmad, mai cajin maza, ya dubi ƙasar kabari a gwiwar wandon Mujahid, ya kasa ɗaga hannu. Ya ja ƙyaure ya ce, "Wuce, Mujahid. Allah shi ba da haƙuri. Yau ba mai taɓa ka."

Mujahid ya ɗaga ƙafa ya shiga. Yana cikin soron, tsakanin ƙofar waje da ta ciki, sai ya tsaya. Ya daɗe a tsaye har Sajan ya ce, "Lahiya?" Ya juyo, ya dawo gaban tebur, ya zaro ƙullin ya ajiye. Ya cire hula, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga hannuwa sama.

"Sajan, caje ni. Har aljihun ciki, har bakin wando. Wanga teburin uwata ne, ba a wuce shi haka nan. Kuma ku ji da kyau, ku duka: daga yau har ranar da zan fita, duk abin da aka kawo da sunana a fasa shi gabana. Wanda ba a fasa ba, ko Inna ce ta kawo shi da hannunta, ba ni karɓa."